A Bar Wa Gobe Rabonta

A kogunan yammacin Kanada, cikin tsananin sanyi, masunci kan tsaya da doguwar sandar fatsa mai riƙon hannu biyu. In ya kama wani nau'in kifin da ba na kiwo ba, doka ta ce ya sake shi.

Mu fa? A tafkin Kainji, wanda datse Kwara ya haifar a 1968, dala mai ƙananan idanu kan kwashe warangi har da 'ya'yan giwan ruwa. Gaskiya ne, Basarken Yawuri ba don nishaɗi yake su ba. To, ai shi ya fi bukatar tattali.

'Yan'uwa ɗalibai, gobe mu ne ma'aikatan hukuma. A sama wa masunta madadi, sannan a tsaurara doka. Wanda ya cinye iri, me zai shuka?