Katin da aka ɓoye har wasa ya tashi

Maudu'inmu na wannan mako daga tabarmar masu karta muka ɗauko shi. Ba caca muke tallatawa ba, hukuncinta a addini sananne ne. Wasan nishaɗi muke nufi, irin wanda samari ke yi da yamma a majalisa.

Duk wanda ya taɓa zama a wata majalisa a Gidan Dahala, nan cikin Sakkwato, ya kalli masu buga wot, ya san irin wannan ɗan wasa. An raba kati, ya samu 20, katin da ke hawa kan kowane kati kuma ya ba mai shi damar neman siffar da yake so. Ga 14 mai aika kowa kasuwa, ga 2 mai sa na gaba ya ɗauki biyu. Sai ya ƙanƙame su yana murmushi, wai sai lokaci ya yi. Kafin lokacin nasa ya yi, wani ya ajiye katinsa na ƙarshe. Aka zo ƙirga, 20 ɗin nan ita ta fi yi masa nauyi. Dara ta ci gida.

Turawa masu wasan foka sun daɗe da yi wa wannan kuskure lissafi. A nau'in da ake kira Texas Hold'em, ana ba kowa kati 2 a rufe daga cikin 52, sannan a buɗe 5 a tsakiya a hankali, kowa ya haɗa da nasa. Hannu mafi ƙarfi a farko shi ne as guda biyu, kuma sau 1 cikin 221 yake zuwa. Idan abokin karawa ɗaya ne, wannan hannu kan yi nasara kusan kashi 85 cikin 100. Idan su huɗu ne, sai ya sauko wajen kashi 56. Idan tara ne, wajen kashi 31 ne kawai. Saboda haka ƙwararru ke cewa mai hannu mai ƙarfi ya matsa tun da wuri. Wanda ya lafe yana wayo ya bar kowa ya ga katin gaba a arha, shi da kansa ya ba masu rauni damar kamo shi.

Mu marubuta ma wannan cuta tana damunmu. Za mu samu jigo mai ƙarfi, wani sirri da zai girgiza gida guda, ko wata haɗuwa da mai karatu zai daɗe bai manta ba. Maimakon mu taɓa shi, sai mu ajiye shi sai shafi na 80. Mu cika tsakani da kwalliyar amarya da jerin abinci da hirar waya. Mai karatu a WhatsApp ko Wattpad yana da littattafai goma suna jiransa, kuma kowannensu abokin karawarmu ne. Duk shafin da muka ba shi babu komai a ciki, dama ce muka ba wani marubucin ya janye shi.

Wani zai ce ai jan rai shi ne gishirin labari. Gaskiya ne, kuma ba mu ce a zazzage komai a shafin farko ba. Ko a foka akan lafe da babban hannu wani lokaci, amma sai an tabbatar abokin karawa mai zafin kai ne, shi zai riƙa ingiza wasan da kansa. Haka labari yake. Muna da ikon ɓoye sirri idan akwai wata wuta da ke ci a fili tana riƙe mai karatu. Idan babu, ɓoyon rowa ce kawai. Kuma sau da yawa fallasa sirrin da wuri ya fi riba: mai karatu ya san yarinyar ba 'yar gidan ba ce, ita ba ta sani ba, daga nan kowace gaisuwarta da Hajiya ta zama abin faɗuwar gaba.

Masu shiga gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016, sun san wannan dole, domin kalmomi 1,000 zuwa 1,500 ba su ba mutum filin ajiya.

Ga aikin mako. Kowa ya ɗauko labarin da yake kai yanzu, ya nemo wurin da ya fi ƙarfi, ya ƙirga shafukan da ke gabaninsa. Sannan ya gwada matso da shi zuwa kashi ɗaya cikin uku na farko, ya ga abin da zai faru da sauran. Idan labarin ya rushe, to dama kati ɗaya gare shi, sai a koma a ƙara masa wasu. Muna jiran sakamakonku kafin Juma'a. Allah Ya ƙara basira.