Filin Kimiyya: Likitan Da Ya Gano Ƙwaƙwalwa Ba Ta Zaman Banza

Idan aka ga mutum ya kishingiɗa a inuwa, ya rufe ido, ba barci yake yi ba kuma ba ya magana, akan ce wane yana hutawa. Da za a tambayi masana da yawa a shekarun 1980 abin da ke gudana cikin kan mutumin nan, da sun ce ba wani abin a zo a gani, ƙwaƙwalwarsa tana jiran a ba ta aiki ne kurum. A wannan mako filin nan ya kawo labarin wani likita Ba'amurke, Dokta Marcus Raichle, wanda binciken da ya yi ya rushe wannan zato.

An haifi Raichle a shekarar 1937 a wani ƙaramin gari mai suna Hokwiyam, cikin jihar Washinton, can arewa maso yammacin Amurka. Ya yi karatun likita a birnin Siyatil, sa'an nan ya ƙware kan cututtukan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi a Niyok. A shekarar 1971 ya koma wata jami'a da ke birnin Sent Luwis a jihar Misuri, inda ya tarar da wani masani mai suna Michel Ter-Pogossian da jama'arsa. A hannun waɗannan mutane ne na'urar da ake kira PET ta samu a tsakiyar shekarun 1970, kuma da ita Raichle ya soma leƙa ƙwaƙwalwar mutum mai rai ba tare da an fasa kai ba.

Ga yadda abin yake. Akan yi wa mutum allurar ruwa wanda aka sa wa wata irin iskar oksijin mai fitar da haske da ido ba ya gani. Ƙarfin hasken nan yakan ragu da rabi duk bayan minti 2, saboda haka ana iya maimaita awon sau da yawa a zama ɗaya. Ruwan ya bi jini ya shiga kai, na'urar da ta kewaye kan ta kama hasken, kwamfuta kuma ta zana hoto. Da yake duk sashen ƙwaƙwalwar da ya tashi aiki jini yakan ƙara kwarara zuwa gare shi, hoton jini sai ya zama hoton aiki.

Dabarar da suka bi irin ta mai awon gyaɗa ce, wanda yakan ɗora buhu a kan sikeli, sa'an nan ya ɗebe nauyin buhun don ya san nauyin gyaɗar. Su ma sukan ɗauki hoton mutum yana kwance ba ya kome, su sake ɗauka yana karanta kalma ko yana faɗinta, su ɗebe na farko daga na biyu. Abin da ya saura shi ne wurin da aikin ya faru. Ta haka ne a shekarar 1988 shi da Steven Petersen da Peter Fox da Michael Posner suka nuna sassan da ke tashi idan mutum ya ga kalma, ko ya ji ta, ko ya furta ta. Tun kafin wannan, a 1986, shi da Fox sun gano cewa idan sashe ya tashi aiki jinin da ke zuwa masa yakan ƙaru da wajen kashi 30 daga cikin 100, amma oksijin da yake sha ba ya ƙaruwa sai da wajen kashi 5. Wannan rarar oksijin da ke saura cikin jini ita ce na'urar maganaɗisu ta MRI take iya gani, bisa hanyar da Seiji Ogawa, wani masani ɗan Japan, ya bayyana a 1990. Daga nan aka daina bukatar allura.

To, a cikin wannan lissafi na ɗebewa ne wani abu ya riƙa ɓullowa wanda ba shi ake nema ba. Akwai waɗansu sassa, ɗaya a tsakiyar ƙwaƙwalwa ta wajen goshi, ɗaya a tsakiya ta baya, da waɗansu a gefe biyu sama da kunne, waɗanda aikinsu yakan ragu da zarar an ce wa mutum ya mai da hankali kan wani abu. Ko kalma aka ba shi, ko hoto, sassan nan dai su ne suke lafawa. A 1997 abokin aikinsa Gordon Shulman ya tattara sakamakon bincike 9 dabam dabam, ya nuna abin ba dace ba ne. Duk da haka, Raichle da kansa ya ba da labarin cewa a 1998 an ƙi buga musu wata takarda, domin ɗaya daga cikin masu tacewa ya ce raguwar kuskure ce a awonsu.

Hujjar masu musu tana da ƙarfi. Suka ce ai mai yiwuwa kwanciya cikin na'ura ita kanta wani aiki ce da ke tayar da sassan, in ya so da aka kawo wani aikin sai su koma daidai. Raichle bai yi gardamar baki ba, sai ya koma ga awo. Ya riga ya san alamar sashen da aka tayar, watau jini ya yi masa yawa fiye da oksijin da yake sha. Da ya auna mutane suna kwance shiru, bai ga wannan alama a sassan ba. Ashe ba tayar da su aka yi ba, haka suke a tsaye kan aiki kullum, sai in wani abu daga waje ya ja hankalin mutum su sassauta. A shekarar 2001 ya buga wannan sakamako, ya ce ƙwaƙwalwa tana da halin asali da take komawa gare shi in an ƙyale ta. Sassan nan su ake kira rukunin asali.

Lissafin abincin ƙwaƙwalwa ma ya goyi bayansa. Nauyinta bai wuce kashi 2 daga cikin 100 na jikin babban mutum ba, amma ita kaɗai take cinye wajen kashi 20 na ƙarfin da jiki ke ƙonawa. Idan aka ba mutum aikin tunani, ƙarin da ake samu a kan wannan bai kai kashi 5 ba. Watau dai shekara da shekaru masana suna awon buhu suna zubar da gyaɗa.

Wani reshen labarin ya fito daga birnin Milwoki. A 1995 wani ɗalibi mai suna Bharat Biswal ya lura cewa ko mutum na kwance shiru, awon MRI yana hawa yana sauka a hankali, wajen sau ɗaya cikin daƙiƙa 10 ko fiye. Da ma akan share wannan a ce hayaniyar na'ura ce. Biswal ya nuna sashen da ke motsa hannun dama da wanda ke motsa na hagu tare suke hawa, tare suke sauka, alhali ba hannun da ya motsa. A 2003 Michael Greicius na Jami'ar Stanford ya nuna sassan rukunin asali ma haka suke tafiya tare. A 2005 kuma Raichle da ɗalibinsa Michael Fox suka ba da rahoton cewa rukunin asali da rukunin da ke mai da hankali waje kamar mata biyu suke a turmi ɗaya, taɓaryar wannan na sama ta waccan na ƙasa, ko da yake masana sun daɗe suna muhawara kan yadda aka yi lissafin. Ta wannan hanya aka gane cewa ƙwaƙwalwa rukuni rukuni take aiki, sassan da ke nesa da juna suna tafiya da kiɗa ɗaya.

Mai karatu zai ce, to, me rukunin asali yake yi? Bincike ya nuna yakan ƙara himma sa'ad da mutum yake tuna abin da ya wuce, ko shirya abin da zai yi gobe, ko tunanin kansa, ko ƙoƙarin gane abin da ke zuciyar wani. A ra'ayin Raichle, yawancin aikin ƙwaƙwalwa shiri ne na tarbar abin da ke tafe, ba jiran a taɓa ta ta amsa ba.

Amfanin wannan ga majinyata ba ƙarami ba ne. A 2005 Randy Buckner da abokansa suka nuna cewa dattin da ke taruwa a ƙwaƙwalwar mai cutar Alzheimer, wadda ke cinye tunanin tsofaffi har su mance 'ya'yansu, ya fi taruwa a sassan rukunin asali. Likitoci a birnin Liyej na ƙasar Beljiyam sun tarar cewa gwargwadon nisan da mai doguwar suma ya yi, gwargwadon yadda haɗin sassan nan yake raunana. Babban abin kuwa shi ne awon ba ya bukatar majinyaci ya yi kome, don haka ana iya yi wa jariri da wanda ba ya cikin hayyacinsa. Sai dai yawancin sakamakon nan daga kwatanta taron majinyata da taron masu lafiya aka same shi, hoto ɗaya bai isa a yanke wa mutum guda hukunci a kansa ba.

A shekarar 2014 aka ba Raichle kyautar Kavli ta ƙasar Nowe, tare da Brenda Milner da John O'Keefe, shekara 16 bayan an dawo masa da takarda an ce awonsa kuskure ne. Abin da ya bambanta shi da sauran masu bincike shi ne bai yarda ya share abin da bai dace da tsammaninsa ba, ya tsaya a kai har ya sami ma'aunin da zai raba gardama. Saboda haka in an sake ganin wani a inuwa ya yi shiru, ana iya cewa jikinsa na hutawa, amma ban da kansa.

Sai mako mai zuwa.