Mamacin Da Ba A Rubuta Ba

Jama'a, akwai wata magana da na gaji da ji, ita ce ta sa na ɗauki alƙalami. In magini ya faɗo daga bene ya mutu, sai a ce kwanansa ne ya ƙare. In rami ya rufta da mai haƙar ma'adini, sai a ce ƙaddara ce. In wanda ya shekara ashirin yana fasa dutse ya yi ta tari har ya cika, sai a ce ciwon ajali ne. A yi jana'iza, a zauna makoki kwana uku, a watse. Ba mai rubuta sunansa, balle sana'arsa, balle abin da ya kashe shi. Kashegari a ɗauki ƙanensa a sa a gurbinsa, a kan tsanin nan da ya karye.

Ni ban yi musun ƙaddara ba, Allah ya kiyaye. Abin da na ƙi shi ne a mai da ita mayafin rufe sakaci. Malamai sun sha karanta mana cewa tawakkali bai hana mutum ɗaure raƙuminsa ba. Makiyayi ya san adadin shanunsa, in ɗaya ta faɗi sai ya bi ba'asi, don kada ta ja sauran. Ashe ran ma'aikaci bai kai na saniya ba?

Ku dubi abin da rashin ƙidaya ya jawo a ƙasar Zamfara cikin 2010. Mutanen Bagega da Dareta da Abare da 'Yar Galma suna haƙar zinariya, su kawo duwatsun gida, a niƙa a daka a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Ashe duwatsun cike suke da dalma. Agwagi suka fara mutuwa, ba wanda ya kula. Sa'an nan yara suka shiga sanƙamewa suna mutuwa, kowane gida yana binne nasa, yana tsammani zazzaɓi ne. Sai da likitocin agaji na ƙungiyar MSF suka zo, suka haɗa lissafin wannan ƙauye da na wancan, kana aka gane guba ce. Yara wajen 400 suka tafi. Da akwai littafi guda da ake shigar da kowace mutuwa da sana'ar gidan, da tun a yaro na goma an farga. Kuma da yake ba a ɗauki darasi ba, cikin 2015 dalmar nan ta sake kashe yara 28 a ƙasar Rafi ta Jihar Neja.

Kada a zaci mu kaɗai ne muka taɓa faɗawa wannan rami. A Amurka, cikin 1930, aka soma huda wani dutse da ake kira Hawks Nest don a bi da ruwa ta cikinsa. Yawancin leburorin baƙar fata ne. Suka yi ta shaƙar ƙurar dutse har huhunsu ya ƙandare. Da aka zo ƙirga matattu, masu aikin suka amsa 109. A gaban majalisar ƙasar, cikin 1936, aka ce 476 ne. Cikin 1986 wani likita, Martin Cherniack, ya bi diddigi ya kai 764. Gawa ɗaya, lissafi uku! To, a nan ne darasin yake: in aka bar wa mai aiki alƙalamin ƙirga waɗanda aikinsa ya kashe, an ba kura ajiyar nama.

Wani abin lura kuma, haɗarin da ido ke gani shi ne ƙarami. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta bayyana cikin 2023 cewa aiki yana kashe mutum kusan miliyan 3 kowace shekara. Daga ciki, haɗari ya ɗauki kimanin 330,000 kurum. Sauran miliyan 2.6 cuta ce ta cinye su a hankali. Irin wannan mamaci ba a bakin inji yake faɗuwa ba. Sai ya bar aiki ya koma garinsu, ya mutu a ɗakin uwarsa, ba mai danganta tarinsa da ƙurar da ya shaƙa. Tun 1700 wani likitan Italiya, Ramazzini, ya gargaɗi likitoci su riƙa tambayar majinyaci sana'arsa. Yau fiye da shekara 300 ke nan, a asibiti nawa ake yin wannan tambaya?

Wani zai ce ai akwai doka. Gaskiya ne. Dokar masana'antu ta Nijeriya ta 1987 ta wajabta wa mai masana'anta ya kai rahoton haɗarin da ya kashe ma'aikaci, dokar diyyar ma'aikata ta 2010 kuwa ta tanadi asusun biyan magada. Amma doka a takarda, tuwo ne a mafarki. Wa zai kai rahoton birkila ɗan aikin yini, ko majemi, ko mai walda a bakin titi? Wani kuma zai ce ƙirga ba ta ta da mamaci. Haka ne, amma tana hana na biyu bin sawunsa, tana kuma ba maraya hujjar neman haƙƙinsa. Rigakafi ya fi magani, amma yaya za a yi rigakafin abin da ba a san yawansa ba?

Saboda haka ga abin da nake kira a yi. Kowane dagaci ya ajiye littafin mutuwa, a rubuta suna da shekaru da sana'a da sanadi. Kowane asibiti ya sa gurbin sana'a a katin majinyaci. Ƙungiyoyin masu sana'a su riƙe nasu lissafin dabam, don a gwama da na masu aiki. Hukuma kuwa ta tara duka, ta buga kowace shekara, a karanta a rediyo da Hausa. Wanda ya ɓoye mutuwa guda, a hukunta shi.

Wanda guminsa ya gina mana gida, in aikin ya ci ransa, mafi ƙarancin haƙƙinsa a kanmu shi ne layi ɗaya na tawada. Allah ya sa mu gane.