LAFIYAR JIKI: Mai hawa sikeli safe da yamma

Tsofaffin manoman ƙasar Matamaye ba su manta da sikelin gyaɗa ba. A 1962 gwamnati ta kafa kamfanin SONARA don cinikin gyaɗar ƙasa. A wancan zamani manomi kan kai buhunsa kasuwa, a ɗora bisa sikeli, mai awo ya faɗi kilo kaza. Manomi bai iya karanta lamba ba, sai ya karɓi abin da aka miƙa masa. Daga baya, a cikin shekarun 1960, ƙungiyoyin manoma na UNCC a Matamaye da Magarya suka fara zaɓen masu awo daga cikin mutanen ƙauye. Da yawa abin da ya kai su makarantar yaƙi da jahilci ke nan: su iya karanta allurar sikeli da idonsu. Tun daga nan sikeli ya sami daraja a ƙasar nan. In ya yi magana, gardama ta ƙare.

Ga buhun gyaɗa haka ne. Amma yanzu wani ƙaramin sikeli ya shigo, na awon mutane. Faɗinsa bai wuce faifai ba. Ƴan cin rani suna kawo shi tsaraba, kuma a tashoshin mota na manyan garuruwa kamar Kano ana ganin yara da shi, mutum ya ba da ɗan kuɗi ya hau. Wasu sun kai shi cikin ɗaki, sun mai da shi alƙali bisa cikinsu.

Akwai wani magidanci a wani ƙauye na bakin korama, mai garkar rake. Shekarunsa sun kai 50, kuma ya ajiye tumbi. Da aka gwada shi a gidan likita sai aka ce yana da hawan jini. Likita ya ba shi magani, ya ce ya rage gishiri da maiƙo, ya rage tumbi a hankali. Shawara ce mai kyau. Sai ɗansa ya aiko masa da sikeli daga Kano.

Da fari sau ɗaya yake hawa, da safe. Daga nan ya ƙara da bayan azahar. Kafin wata biyu ya kai sau huɗu a yini. In allura ta sauka, ranar nan kowa a gidan zai ga haƙoransa. In ta hau da rabin kilo, sai ya ƙi furar rana, ya yi ta faɗa da yara. Har ruwa ya fara ƙi sha, don ya lura in ya sha allura na hawa. Da dare kuma yunwa ta ci ƙarfinsa, ya cinye tuwonsa, ya nemi ƙari, ya aika a sayo masa tsire. Da safe ya hau sikeli, ransa ya ɓaci, ya sake ɗaura ɗamarar yunwa.

Uwargidansa ta ce masa: "Malam, wannan abu ya hana ka ci, ya hana mu sakewa." Ya ce mata ita ba ta san lamba ba. Ana nan, ran nan lokacin noman farko, jiri ya kwashe shi a gona. Maƙwabta suka ɗauko shi a amalanke.

To, me allura take aunawa?

Tana auna duk abin da ya hau kanta: ƙashi, da tsoka, da kitse, da ruwa, da tuwon da ke ciki, da riga. Ba ta iya rarrabe su. Litar ruwa ɗaya kilo ɗaya ce daidai. Wanda ya sha kwaryar fura mai litar ɗaya ya ƙara wajen kilo ɗaya nan take. Wanda ya yi noma cikin rana yana iya zubar da litar guda ta gumi cikin awa ɗaya. Abinci mai gishiri da yawa kan sa jiki ya riƙe ruwa har gobe. Mace kuma jikinta kan riƙe ruwa in al'adarta ta kusa. Shi ya sa nauyin babban mutum mai lafiya yake hawa da sauka da kilo 1 ko 2 a cikin yini guda.

Kitse ba ya wannan sauri. Kafin mutum ya ajiye kilo ɗaya na kitse, sai ya ci ƙarfin hatsi wajen kilo 2, wato kusan tiya guda, bayan abin da jikinsa ya ƙone da aiki. Wa ke cin tiyar hatsi ƙari a dare ɗaya? Ashe abin da mai garkar nan yake gani tsakanin safe da yamma ruwa ne da abincin cikin hanji.

Makiyayi ya daɗe da sanin wannan. Saniya in ta iso rijiya da rani tana iya shan litar 30 ko fiye, cikinta ya yi tim. Babu dillalin da zai ce ta yi ƙiba. Mai sayen rago ma ba ya duban tumbi. Hannu yake sa wa, ya shafa gadon baya da gindin wutsiya, ya dubi gashi, ya dubi tafiya. Abin mamaki, mutumin da ba a iya ruɗinsa da ragon da aka ɗura wa ruwa, shi ne allura take ruɗi a kan jikinsa.

Cin daren da yake yi kuwa ba haɗama ba ce. An gwada wannan abu a Amurka, a jami'ar Minesota, daga 1944 zuwa 1945. Wani malami mai suna Ancel Keys ya tara samari 36 masu lafiya, da yardarsu. Aka rage musu abinci da kusan rabi har wata 6. Kowane ya rasa wajen kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa. Zancensu ya koma na abinci, mafarkinsu ma abinci. Suka zama masu saurin fushi. Da aka sake su su ci yadda suke so, wasu suka yi ta ci har ciki ya yi ciwo, kuma ba su jin sun ƙoshi. Sai bayan watanni cinsu ya daidaita. Dattawan da suka ga yunwar 1974 da ta El-Buhari a 1984 ba su bukatar a ba su wannan labari. Sun ga yadda mai yunwa yake in ya sami akushi. Jiki bai san bambanci tsakanin fari da yunwar da mutum ya ɗora wa kansa don tsoron allura ba. Duk wanda ya hana shi da rana, zai karɓi bashinsa da dare.

A wajen mata abin ya fi juyawa ta ɗaya gefen. Nan ƙasar, amarya in ba ta yi jiki ba sai a ce miji ba ya riƙon ta. Mai kishiya kuma tana duban wuyan abokiyar zamanta. Sai ka ga mace tana hawa sikeli don ta ga ko ta ƙaru. In allura ba ta motsa ba, ta cusa abinci ba da yunwa ba, ko ta nemi ƙwayoyin ƙiba wajen masu talla, irin waɗanda ake ce wa "sha ka fashe". Da yawa cikinsu deksametazon ne, magani mai ƙarfi da aka yi don wasu cututtuka dabam. Yana kumbura fuska, ya tara ruwa da kitse a wuya da ciki, hannu da ƙafa kuwa su sirance. Yana kawo hawan jini da ciwon suga, yana raunana ƙashi. Allura dai za ta hau, lafiya kuma ta sauka. Wadda ta daɗe tana sha kada ta bari rana ɗaya, don barinsa farat ɗaya ma haɗari ne. Ta je gidan likita a rage mata shi sannu sannu. Mazan da ke yi wa matansu gorin rama su ma suna da hannu a cikin wannan ɓarna.

Shi mai garkar rake, da ya farfaɗo, likita ya ce masa: "Baba, ni na ce ka rage tumbi, ban ce ka daina shan ruwa ba. Mai shan maganin hawan jini in ya ƙi ruwa cikin rana, faɗuwa zai yi." Suka yi alkawari: awo sau ɗaya a wata, a gidan likita, ranar da ya zo gwajin jini. Sikelin gida kuwa aka kai wa ƙanensa a wani gari.

Kwanakin farko sun yi masa wuya. Da asuba ƙafarsa kan kai shi inda sikeli yake dā. Ya kan ji kamar ya yi ƙiba cikin dare. Irin wannan damuwa ba a korar ta da faɗa. Tana tashi, ta yi ƙarfi, in ba a biye mata ba ta kwanta da kanta. Kowace rana ƙarfinta na raguwa. Da ya ji ta taso sai ya ɗauki guga ya nufi garka.

Abin da ya fi ɗaukar lokaci shi ne koyon jin yunwa da ƙoshi, don ya daɗe yana toshe musu kunne. Ya fara da mai da cinsa bisa lokaci: koko ko ɗumame da safe, fura da rana, tuwo da dare, ko allura za ta so ko ba za ta so ba. Da jiki ya tabbata abinci na zuwa, haukan dare ya lafa. Sannan ya fara lura. Yunwar gaskiya tana zuwa a hankali: ciki ya yi ƙugi, ƙarfi ya ragu, hankali ya bar aiki. Kwaɗayi kuwa farat yake zuwa, kuma abu ɗaya yake so, kamar in an wuce teburin mai tsire. Ƙishirwa ma takan yi kama da yunwa.

Ƙoshi shi ne mai nawa. Saƙonsa kan ɗauki wajen minti 20 kafin ya iso kai. Ga kuma cin taro a akushi ɗaya, inda kowa ke sauri kada a bar shi. Mai garkar ya koyi rage loma, ya tauna, ya tsaya a tsakiya ya sha ruwa. In ya ji yunwa ta tafi, ciki bai yi nauyi ba, zai iya tashi ya yi aiki, sai ya tsame hannu ko da tuwo ya rage. Ragowar ba asara ba ce, ɗumamen safe ce.

Wannan hanya tana da suna a ƙasashen waje. A 1995 wasu mata biyu masanan abinci a Amurka, Evelyn Tribole da Elyse Resch, suka rubuta littafi a kanta. Gindin maganarsu shi ne mutum ya ci in ya ji yunwa, ya bari in ya ƙoshi, ya daina ganin abinci kamar abokin gaba. Jariri mai lafiya da haka aka haife shi: in ya ƙoshi ya saki nono, ko an matsa masa ya kau da kai.

Sai dai akwai abincin da ke yi wa ciki wayo. Lemun kwalba, da shayi mai sukari da yawa da ake sha kofi bayan kofi a fada, suna shiga ba tare da sun sa ƙoshi ba. Tuwon hatsi da miyar kuka, wake, zogala, rama, nono, su ne masu riƙe ciki. Kuma wannan magana duka ta gidan da rumbunsa ke da hatsi ce. Gidan da damina ta tarar da rumbu wayam, matsalarsa ba sikeli ba ce.

Bayan wata huɗu allurar gidan likita ta sauka kaɗan kawai. Amma mazugin wandonsa ya ƙara tsawo, jininsa ya fi daidaita, yana yini a garka ba jiri. Mai son ya san ko tumbinsa ya wuce kima ma ba sai da sikeli ba. Ya auna tsawonsa da igiya, daga kai zuwa ƙafa, ya ninka ta biyu. In ninkin ya zagaye cikinsa daidai wajen cibiya, da sauƙi. In bai zagaye ba, a nemi shawarar likita. Sau ɗaya ko biyu a shekara ya isa.

Kada wani ya ce to a jefar da awo gaba ɗaya. Akwai waɗanda sikeli ke ceton ransu. Yaro ƙarami in tamowa ta kama shi, yunwarsa ma mutuwa take yi. Ba a jiran ya nema, lallashinsa ake yi ya ci. Shi dole a kai shi awo kamar yadda likita ta tsara, a rubuta a katinsa. Mai ciki ma dole ta je awon ciki. Babban mutum kuma in yana ramewa ba dalili, tare da tari na fiye da sati 2, ko yawan ƙishirwa da yawan fitsari, ya tafi gidan likita ba jinkiri, don tarin fuka da ciwon suga haka suke farawa. Mai ciwon suga ya bi tsarin cin da likita ya ba shi. Saurayi ko budurwa da ke ƙin abinci don tsoron ƙiba, ko mai jawo amai bayan ci, wannan ciwo ne, ba iskoki ba ne, kuma ba taurin kai ba ne. A kai shi likita.

Ga yara daga wata 6 zuwa shekara 5 akwai awon da uwa ke iya yi a gida, da ɗan zaren nan mai launi uku da ake zagaya wa dantse. Nan kusa aka gwada shi, a ƙasar Mirya, daga 2013 zuwa 2014. Ƙungiyoyin ALIMA da BEFEN sun koya wa uwaye fiye da 12,000 a yankin Dogo, aka kwatanta aikinsu da na ma'aikatan lafiya na ƙauyuka a yankin Takeita. Aka tarar uwaye ba su gaza ba, har suna gano yaran da wuri. Kore, lafiya. Rawaya, a kai yaro likita a duba shi. Ja, wato ƙasa da milimita 115, ko kuma ƙafafu biyu sun kumbura, a kai shi ranar nan, kada a jira ranar kasuwa.