Ƙyallin sabuwar bindiga ba ya nuna ingancinta

Mutumin da ya sayi sabuwar ƙaramar bindiga a shagon makamai a Amurka yakan yi abin da mai sayen sabon babur yake yi. Ya juya ta a hannu, ya duba ko fentinta ya yi sumul, ya ja murfin samanta baya ya saki ya ji ƙararsa, ya girgiza ta ko wani abu zai yi kwaramniya a ciki. Idan ya je filin gwaji ya harba harsashi ɗari biyu ba ta cije ba, sai ya dawo gida yana cewa ya samu kaya mai kyau.

Wannan dubawa tana da amfani, amma labarin bindigar P320 ta kamfanin SIG Sauer ya nuna iyakarta. Bindiga ce irin wadda ke ɗura wa kanta sabon harsashi bayan kowane harbi. Ta fito kasuwa a 2014, kuma a watan Janairun 2017 rundunar sojin ƙasa ta Amurka ta zaɓe ta domin maye gurbin Beretta M9, a kwangilar da ƙimarta za ta iya kaiwa dala miliyan 580. Wa zai yi shakkar bindigar da soja ya zaɓa?

A watan Agustan wannan shekarar sai bidiyo ya bazu yana nuna cewa idan bindigar ta faɗi ta bugi ƙasa da ƙeyarta, bakinta na kallon sama, tana iya tashi. Nauyin kunamar ne ke janyo ta baya saboda ƙarfin faɗuwar, kamar an sa yatsa. Babu mai sayen da zai gano wannan a gaban kanta, domin ba wanda ke jefa sabuwar bindigarsa mai harsashi a kan siminti don ya ga abin da zai faru. Kamfanin ya rage nauyin kunamar da wasu sassan ciki, ya ce duk mai so ya kawo tasa a gyara kyauta. Bai kira wannan janye kaya daga kasuwa ba, ya kira shi ingantawa ta ganin dama.

Kuma babu mai tilasta masa. Hukumar da ke kare masu sayayya daga kaya masu haɗari a Amurka tana iya sa a janye gadon jarirai ko tukunyar lantarki, amma majalisar dokokin ƙasar ta hana ta taɓa bindigogi. A Ingila kuwa, ba a sayar da bindiga sai ta bi ta gidan gwaji, kamar na Birmingham da aka kafa a 1813, an harba ta da harsashi mai ƙarfi fiye da na kullum an buga mata hatimi. Sai dai shi ma wannan hatimin shaida ce kawai cewa ƙarfen ba zai fashe ba.

Maganar ba ta tsaya a 2017 ba. A 2023, binciken jaridar Washington Post da kafar The Trace ya samu mutane fiye da 100 da ke cewa P320 ta tashi ba tare da sun taɓa kunama ba, wasu tana cikin kube a ƙugunsu, kuma da yawansu 'yan sanda ne. A 2024 masu taya alƙali yanke hukunci a jihar Jojiya sun ce kamfanin ya biya wani mutum dala miliyan 2.35, a Filadelfiya kuma suka yanke dala miliyan 11 ga wani. SIG Sauer dai ya tsaya kan bakarsa cewa bindigar ba ta tashi sai an ja kunama, kuma akwai ƙararrakin da aka kora. Adalci ne a faɗi hakan, domin wanda ya harbi kansa bisa sakaci ba ya rasa abin ɗora wa laifi.

Duk da haka akwai abin da mai saye zai iya tambaya tun kafin ya biya kuɗi. Allurar da ke dukan gindin harsashi a P320 tana zama a ɗane da zarar an ɗura harsashi. Samfurin soja, M17 da M18, yana da makullin da ake turawa da babban yatsa. Yawancin na kasuwa ba su da shi, ba su kuma da ɗan harshen kariya da Glock ke sawa a tsakiyar kunama. Wannan zaɓi ne na masu zane, kuma ya fi santsin fenti muhimmanci nesa ba kusa ba.

A Najeriya, Dokar Makamai ta 1959 ta sa ƙananan bindigogi cikin haramtattun makamai, ba a riƙe su sai da lasisin shugaban ƙasa. Mai sayen da ya kamata ya ji wannan labari shi ne gwamnati, wadda ke odar dubbai ta rataya su a ƙugun jami'an da ke shiga kasuwa da tasha. Kafin a sa hannu kan kwangila, a nemi sakamakon gwajin faɗuwa ta kowace fuska, a bincika ƙararrakin da ke kan samfurin, a kuma rubuta wanda zai biya kuɗin gyara idan aibi ya bayyana bayan shekara uku.