Kiwon Kaji: Ina Durgu Ta Shiga?



Ran nan a ajin yaƙi da jahilci na rubuta "durgu" bisa allo. Wani saurayi ya ce: "Malam, mine ne durgu?" Bai taɓa ganin kaza mai gajerun ƙafafu ba! Fingi mai birkitaccen gashi da kaza mai wuya ba gashi su ma sun yi wuyar gani a kasuwannin Ƙonni, Galmi da Badagishiri.

Laifinmu ne. In buƙata ta taso, babban zakara muke saidawa, mu sayo na turawa. Shi kuwa sai abincin saye, zafin bazara ya kashe shi. Tamu fa? Tana kiwo da kanta, ta kwanta bisa ƙwanta kwana 21, har na zabi ta ƙyanƙyashe mana. Mai wuya ba gashi ma ta fi jure zafi.

Mai irin waɗannan kaji ya ware zakara 1 da kaji 5, kada ya saida su. Ya yi musayar zakara da wani ƙauye. Kafin ɗari ya shigo da ciwon kaji, ya kira ma'aikacin kiwo ya yi musu rigakafi. Kazar da aka sayo kasuwa kuma a tsare ta daban mako 2.