Tallan Giya a Filin Ƙwallo: Sana'a Ce ko Tarko?

Akwai wata tambaya da matasanmu na ƙasar Miga da sauran garuruwan bakin Kogin Haɗejiya suke kawo wa fastoci da dattawan ikkilisiya, kuma ya kamata mu amsa ta a fili. Tambayar ita ce, shin ya dace Kirista ya ɗauki tallan giya a filin ƙwallo ko a gidan kallon wasa domin ya ci abinci?

Kafin mu yanke hukunci, bari mu dubi abin da ya kawo tambayar. Kowa ya san yadda ambaliya ta cinye gonakin shinkafa da gero a Miga da Auyo da Kafin Hausa a 2020, ta sāke dawowa a 2022. Ciyawar kacala kuma ta toshe hanyoyin ruwa da dama. Saurayin da ruwa ya share masa gona ba shi da abin yi sai ci-rani. Idan ya sauka Abuja ko Legas, aikin da ke saurin samuwa ba tare da takardar makaranta ba shi ne na talla, kuma a cikin talla, mai kwalba ya fi mai gyaɗa ciniki ranar da ake babban wasa. Wanda bai taɓa kwana da yunwa ba kada ya yi saurin jifan irin wannan yaro.

Duk da haka, ra'ayina shi ne kada ɗan ikkilisiya ya shiga wannan sana'a. Ga dalilaina.

Na farko, mu duba yadda ake biyan mai tallan. Galibi ba albashi ake ba shi ba, kamasho ne a kan kowace kwalba ko kofi da ya sayar. Wato abincinsa yana ƙaruwa ne daidai da yadda mai sha ya zarce iyaka. Mutumin da ya sha biyu ya tsaya ba shi ne abokin cinikinsa na ƙwarai ba, sai wanda ya sha shida yana neman ta bakwai. To, yaya mai bi zai riƙa addu'ar Allah ya ba shi kasuwa, alhali kasuwar tasa ita ce buguwar maƙwabcinsa? Annabi Habakuk, a sura ta 2, ya yi kashedi mai tsanani ga wanda yake shayar da ɗan'uwansa har ya bugu, Manzo Bulus kuma a Romawa 14 ya gargaɗe mu kada mu zama sanadin tuntuɓen wani.

Na biyu, filin wasa ba kamar sauran wurare ba ne. Dubban mutane ne a cunkushe, zuciya a sama, rabi na murna rabi na fushi. Ƙasashen da giya ba haram ba ce a cikinsu sun gane wannan tun da daɗewa. A Sukotlan an hana giya a filayen ƙwallo bayan tarzomar da ta ɓarke a wasan ƙarshe tsakanin Celtic da Rangers a 1980. A Ingila, dokar 1985 ta hana 'yan kallo shan giya a inda suke hangen fili. Burazil ta hana sayar da ita a filayenta a 2003, sai da hukumar FIFA ta matsa lamba aka sassauta domin Gasar Cin Kofin Duniya ta 2014, saboda kamfanin giyar Budweiser yana cikin masu ɗaukar nauyin gasar. A 2022 kuwa, saura kwana 2 a buɗe gasar, ƙasar Katar ta hana sayar wa talakawan 'yan kallo giya a filaye. Ashe ke nan maganar ba ta tsaya ga Shari'ar Musulunci kawai ba. Idan faɗa ya tashi, mai kamfani yana gidansa, yaron da ke tsakiyar taro da kwalabe a kai shi ne zai sha duka.

Na uku, mu tuna inda muke zaune. Jihar Jigawa ta ƙaddamar da Shari'a a 2000, haka ma Kano. A watan Nuwamba na 2013 Hukumar Hisba ta Kano ta farfasa kwalaben giya wajen 240,000 a bainar jama'a, a 2020 kuma ta farfasa kusan miliyan 2. Yaron da ya koyi wannan sana'a a kudu ba zai iya kawo ta gida ba sai a ɓoye, kuma ranar da aka kama kayan, bashin dila yana wuyansa. Daɗin daɗawa, Kiristoci ba su da yawa a wannan jiha, idon maƙwabta yana kanmu. An daɗe ana yi mana kallon mutanen giya. Duk ɗanmu da aka gani da kiret a kai ya ƙara wa wannan zargi ƙarfi, ya kuma sa shaidar mai bishara ta yi nauyin fita.

Na san akwai masu cewa sana'a sana'a ce, sata ce kaɗai abin kunya. Za su ce Yesu da kansa ya mai da ruwa ya zama ruwan inabi a bikin Kana, kuma gwamnati tana karɓar haraji a kan giya, ana raba kuɗin har da jihohin da suka hana ta. Gaskiya ne ikkilisiyoyinmu ba su zama ɗaya a kan sha ba: ECWA da 'yan'uwanta suna koyar da ƙauracewa ɗungum, Katolika kuwa tana hana buguwa ne. Amma ban san wata ikkilisiya da ta yarda da buguwa ba, kuma sana'ar da muke magana a kai ribarta tana cikin buguwar. Maganar haraji kuwa ta shugabanni ce, su za su amsa ta. Ba ta wanke mai talla daga abin da hannunsa ya miƙa ba.

Sai dai fa wa'azi kaɗai ba ya cika ciki. Idan muka ce wa yaro ya ajiye kwalba, wajibi ne mu nuna masa abin da zai ɗauka. Ɗan kallo yana jin ƙishi da yunwa ko da giya ko babu. A filin wasa na Sani Abacha a Kano, ranar da Kano Pillars take wasa, masu ruwan leda da zoɓo da rake da gyaɗa suna ciniki ba tare da fargabar kowa ba. Jarin irin wannan talla ba shi da yawa, adashin zumuntar mata ko na ƙungiyar matasa ya isa ya tayar da mutum. Ikkilisiya kuma tana iya sayen injin ban-ruwa ɗaya ta ba matasa su yi karɓa-karɓa, domin fadamar da ke cinye amfanin damina ita ce take ba da alkama da albasa da tattasai da rani. Ikkilisiyoyin birni su ma da nasu nauyin: su san 'yan ci-ranin da suka sauka a unguwarsu, su haɗa su da magina da kafintoci da makanikai da ke cikin jama'arsu.

Wanda kuma ya riga ya shiga, kada mu kore shi daga majami'a, kada mu mai da shi abin misali a kan bagade. Dattawa su zauna da shi, su ji nawa ake binsa, su sa masa lokacin fita, su taimake shi biya.

Don haka ina roƙon kowace majalisar dattawa ta sa wannan batu cikin zamanta na gaba, tun kafin a gama girbi matasa su kama hanyar birni. Ubangiji ya ba mu hikima, ya sa albarka a cikin aikin hannuwanmu. Amin.